Zuwa tsaunukan Alps da yaro mai tatata: tambayoyin da ake ta maimaita mini

Da zarar hutun Turai ya gabato sai 'yan'uwa su fara turo mini tambayoyi iri ɗaya, daga mazauna nan Turai har masu shirin tasowa daga gida. Ga amsoshin a wuri guda. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a sake kirana.

Yaro ɗan shekara biyu zai iya wannan tafiyar kuwa?

Zai iya. Mutanen ƙauyukan nan a can suke haihuwa, a can suke reno.

Shi ma sai an yi masa biza?

Sai an yi masa, da fasfonsa na kansa. Bizar Schengen ce, wato ta haɗin gwiwar yawancin ƙasashen Turai, kuma ba a karɓar kuɗinta ga yaron da bai kai shekara 6 ba, amma inshorar lafiya ta Yuro 30,000 ta hau kansa kamar kowa. Suwizalan tana cikin Schengen, sai dai kuɗinta faran ne, ba Yuro ba.

Kwana huɗu gare mu. Za mu iya haɗa Interlaken da Zermatt na Suwizalan da Chamonix na Faransa?

Haba Baban yaro! Hutu za ku ko gudun hijira? Ku zaɓi gari ɗaya, masauki ɗaya, ku ajiye kaya. Kullum fita ɗaya da safe, a dawo yaro ya yi barcinsa na rana. A watannin zafi hadari da tsawa sun fi tasowa bayan azahar, don haka dawowa da wuri ta amfane ku ta fuska biyu. Ga mai ƙaramin yaro na fi son garin da mota ba ta shiga, irin Wengen, inda za ki saki hannunsa ya yi ta dabdalarsa hankalinki kwance.

Wane wata ya fi?

Tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Ku guji Nuwamba da ƙarshen Afrilu, lokacin ne ake rufe motocin igiya masu hawa dutse da yawa don gyara.

Muna so mu hau da shi har ƙololuwa ya taɓa dusar ƙanƙara. Akwai matsala?

Saboda wannan tambayar na zauna rubutun nan, kuma ba ni da amsa guda da za ta dace da kowane yaro.

Duk yadda mutum ya ƙara hawa, iskar da yake shaƙa tana ƙara sirancewa, oksijin ɗin da ke shiga jininsa yana raguwa. Ciwon tsayi yawanci daga mita 2,500 zuwa sama yake fara kama mutane. To ku auna: tashar jirgin ƙasa ta Jungfraujoch tana mita 3,454, Zugspitze na Jamus mita 2,962, Aiguille du Midi da ke saman Chamonix kuwa mita 3,842, kuma can ba a ma barin yaron da bai kai shekara 3 ba ya hau. Babba idan abin ya taɓa shi zai ce kansa na sarawa. Ɗan shekara biyu ba shi da wannan bakin. Rigima kawai za ki gani, ya ƙi abinci, ya ƙi wasa, wataƙila ya yi amai, ke kuma ki ce gajiyar hanya ce. Wani lokacin gajiyar ce da gaske, a nan wahalar take, domin babu mai iya rarrabewa da ido. Abin da nake cewa shi ne, idan halin yaro ya sauya a sama, a sauko nan take. Ba a tsayawa a ga ko zai ware.

Wurin kwana ya fi wurin leƙawa muhimmanci. Likitocin yara da dama suna shawartar kada yaro ƙarami irin wannan ya kwana sama da mita 2,000, kuma garuruwan da kuke ambata duk suna ƙasa da haka: Interlaken bai kai 600 ba, Grindelwald da Chamonix sun ɗan haura 1,000, Zermatt wajen 1,600. Hawa na awa ɗaya ko biyu zuwa wajen mita 2,000, ga yaro mai ƙoshin lafiya, galibi ba ya kawo komai. Na ce galibi. Idan yana mura ko ciwon kunne a bari, domin motar igiya tana haura mita dubu cikin 'yan mintuna, kunnensa zai toshe. Ki ba shi nono ko ruwa yana haɗiya a lokacin hawa da sauka.

Sai abin da takardun yawon buɗe ido ba za su gaya muku ba, domin ba da mu aka rubuta su ba: sikila. Ƙarancin oksijin da sanyi da ƙishirwa, su ukun nan su ne ke tayar da ita, kuma duk suna jiran ku a kan dutse. Idan yaronku SS ne ko SC, kada ku biya kuɗin masauki sai kun zauna da likitansa, kun gaya masa sunan garin da tsayinsa da lamba. Mai yiwuwa ya yarda da gindin dutse ya hana hawa, mai yiwuwa ya hana duka. Mai AS yawanci lafiyarsa lau, kada hankalinki ya tashi 'yar'uwa, amma an sha samun masu AS da jini ya toshe musu a saifa a wurare masu tsayi. Idan ya kama ɓangaren hagu na cikinsa yana kuka, asibiti za a nufa. In kuwa ba ku san ko AA ne ko AS ko SS ba, ku je a gwada kafin ku tafi. Ina mamakin iyayen da suka san farashin tikiti har kwabo amma ba su san wannan ba.

Akwai masu ce mini ai sun je Jos da shi lafiya. Jos wajen mita 1,200 take, tsayin Wengen ke nan, ba ta gaya muku komai game da mita 3,000 ba. Masu cewa ya hau jirgin sama lafiya sun fi kusa da hujja, domin iskar cikin jirgi tana kama da ta mita 1,800 zuwa 2,400, amma a jirgi yana zaune cikin ɗumi ne ana ba shi ruwa.

Idan dusar ƙanƙara kawai kuke so ya taɓa, ku zo a watan Janairu ko Fabrairu, za ku fi samunta kusa da ƙofar masaukinku.

Goyo ko keken tura yaro?

Duka biyun. Keken na cikin gari ne, goyo na hanyar dutse. Amma ki tuna ke kina tafiya kina gumi, shi yana zaune a bayanki ba motsi, sanyi na cin ƙafarsa. Kowace mita 1,000 da kuka haura zafi yana sauka da kusan digiri 6. Ki riƙa taɓa hannunsa da ƙafarsa, ki sauke shi ya taka lokaci-lokaci. Hula da safa da rigar ruwa su zauna a jaka ko da rana na ƙwallewa.

Baƙar fata ma tana bukatar man kariya daga rana?

Tana bukata. Ranar kan dutse ta fi ƙarfi ko da ana sanyi, ga ƙanƙara na mayar da hasken cikin ido. A shafa masa, a sa masa tabarau. Na gaji da wannan gardamar.

Shanun da ake gani a hotuna, yaro zai iya shafa su?

A'a. Kada wani ya ce mini ya tashi cikin shanu. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta san ka ba, kuma a 2014 shanu sun kashe wata Bajamushiya a kwarin Pinnistal na Ostiriya. Ku ɗauki yaron a hannu, ku zagaye su daga nesa, ku rufe ƙofar shinge idan kun wuce. Tunda ana maganar ciyawa, akwai kaska, wasu suna ɗauke da cuta mai taɓa ƙwaƙwalwa. Kowane dare a duba bayan kunnensa da hammata da matsematsi.

Za mu samu abincin halal?

A Interlaken da Zell am See na Ostiriya ba wahala, Larabawa sun daɗe suna zuwa. A ƙananan ƙauyuka ku kama masauki mai kicin ku dafa da kanku. Ku lura da Speck, naman alade ne, ana yawan barbaɗa shi a dankali da miya, kuma narkakken cukun nan da ake kira fondue da giya ake haɗa shi. Ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe suke, ku sayi madara da famfas tun Asabar.

Mota ko jirgin ƙasa?

Jirgin ƙasa. A Suwizalan yaron da bai kai shekara 6 ba kyauta yake shiga, wasu manyan jiragen masu bene ma suna da tarago mai wurin wasan yara. Idan kun nace sai mota, dole kujerar yaro, ba a rungume shi a cinya a nan.

Idan wani abu ya faru fa?

Ku kira 112 a ko'ina. A Suwizalan jirgin ceto na Rega 1414 ne, a Ostiriya masu ceton kan dutse 140. Ku ajiye lambobin a wayoyinku duka biyu, uba da uwa, sannan ku tambayi kamfanin inshorarku ko ta haɗa da ɗauka da jirgi mai saukar ungulu, domin ba kowace ce ke biyan wannan ba.