Asibiti na kusa, amma a wace mota? Tambayoyi da amsoshi

In ana son sanin ko asibiti na kusa da mutane, wai me ake aunawa ne, ba kilomita ba ne?

Da can haka ake yi, a ɗauko taswira a zana da'irar kilomita 5 a kewayen asibiti, duk wanda ya faɗo ciki a ce ai yana kusa. To amma taswira ba ta san cewa mota ba ta tashi sai ta cika ba. Yanzu lokaci ake ƙirgawa tun daga ƙofar gida, hawa mashin zuwa bakin titi, zaman tasha ana ta kiran saura mutum biyu, tafiyar kanta, sannan a sauka a sake neman Keke Napep zuwa get ɗin asibiti. Daura zuwa Katsina wajen kilomita 80 ne, ga mai motar kansa ba wani abu ba ne, amma wanda ya taso daga ƙauyen Baure ko Zango da takardar da aka turo shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, rabin yininsa na iya ƙarewa a hanya.

Awa nawa ne ya yi yawa?

Ga abin gaggawa awa 2 ne ma'aunin da aka fi amfani da shi. A 2015 kwamitin mujallar likitanci ta Lancet kan tiyata ya ɗauke shi, kuma dalilin a fili yake, zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2 in ba a tsayar ba.

Da me ake lissafin?

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da manhaja mai suna AccessMod, ana ba ta taswirar hanyoyi da rafuka da wuraren asibitoci da gudun abin hawa, ta fitar da mintuna. A Turai sukan haɗa da jadawalin bas, mu kuwa ko motar KTSTA, wato hukumar sufuri ta jihar Katsina, fasinja take jira balle ta 'yan yuniyon. Shi ya sa ni dai ban yarda da lissafin ofis kaɗai ba, sai an tura mutum da waya ya hau motar da kansa, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, da rani da damina in rafi ya kawo, da rana da kuma ƙarfe biyun dare.

Kuɗin mota fa?

Dole ya shiga. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, kuma mara lafiya ba ya tafiya shi kaɗai, ga mai jinya, in jiki ya yi tsanani kuma sai dai shata.

Ai an ce kowace mazaɓa za ta samu asibiti?

Mazaɓu 361 ke jihar Katsina, kuma ga rigakafi da awon ciki hakan yana rage tafiya sosai. Sai dai in ana buƙatar ƙarin jini ko a yi wa mace aiki a ciro jariri, ƙaramin asibiti turawa zai yi gaba, don haka kowane irin aiki da nasa lissafin daban, daga gida zuwa inda za a iya yin sa a wannan daren.