Kaka ɗaya ya isa: tsarin Ingila na gwajin sankarar mama ga Yahudawa

A farkon 2024 hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta ƙaddamar da wani tsari na ƙayyadadden lokaci, da niyyar gwada mutum 30,000 cikin shekara biyu. An rufe rajistarsa a 2025, amma a lokacin da yake aiki sharaɗinsa gajere ne. Duk wanda ya kai shekara 18, yana zaune a Ingila, kuma ɗaya daga cikin kakanninsa huɗu Bayahude ne, a gwada shi kyauta a ga ko ya gaji lahani a ƙwayoyin halittar da ake kira BRCA1 da BRCA2. Ba sai ya taka asibiti ba. Ya yi rajista ta intanet, a aiko masa da 'yar kwalba har gida, ya tofa yawu a ciki, ya rufe, ya mayar ta gidan waya.

Kowa yana da waɗannan ƙwayoyin, kuma aikinsu gyaran ɓarnar da ke faruwa a cikin ƙwayoyin jiki. In ɗaya ta zo da lahani, gyaran ya raunana. A cikin mata 100 na gama-gari, wajen 13 ne ke kamuwa da sankarar mama a rayuwarsu. A cikin masu wannan lahani kuwa, abin yakan kai rabi, har ya haura kashi 70 cikin 100. Ga kuma sankarar ƙwan mace, wadda ba a cika ganowa da wuri ba.

To me ya sa Yahudawa? Yahudawan Ashkenazi, waɗanda asalinsu daga tsakiya da gabashin Turai ne, sun fito ne daga tsatson jama'a kaɗan da suka yi ƙarnoni suna aure a tsakaninsu. Lahani iri uku da wasu kakanni na can baya suka ɗauko sai suka yaɗu cikin zuri'a. Yau mutum 1 cikin 40 daga cikinsu yana ɗauke da ɗaya, alhali a sauran jama'a sai an tara ɗaruruwa kafin a samu mutum guda.

Inda tsarin ya burge ni shi ne wurin da ya saki tsohuwar ƙa'ida. A da, sai mace ta nuna cewa sankara ta yi ta cin danginta, uwa ko inna ko yaya, kafin a yarda a gwada ta. Sai bincike a Isra'ila da Landan ya nuna cewa wajen rabin masu lahanin ba su da irin wannan tarihi. Dalilin a fili yake. Wata ta gajo shi ta wurin mahaifinta, shi ma daga nasa mahaifin, gida kuwa duk maza ne, ba macen da ciwon zai bayyana a kanta. Wasu kuma Hitila ya hallaka danginsu, ba wanda ya rage da zai ba da labarin abin da ke kashe matan gidan. Shi ya sa aka ce kaka ɗaya kawai, ta uwa ko ta uba, ko da a al'adar Yahudawa ta uwa ake bin Yahudanci. Kuma ba a tambayar ko mutum yana addinin ko ba ya yi.

Kada mai karatu ya haɗa wannan da gwajin sikila da muke yi kafin aure. A sikila sai AS ya haɗu da AS ake fargaba. A nan mahaifi ɗaya ya isa, kuma kowane ɗa ko 'ya, rabi da rabi ne ya gada ko ya tsira. Maza ma suna ciki, domin suna miƙa shi ga 'ya'yansu, su kansu kuma suna cikin haɗarin sankarar ƙullutun da ke ƙasan mafitsara, har da ta nono.

Wadda aka samu da lahanin, ba a ce mata tana da sankara ba. Za a tura ta wurin ƙwararru, a riƙa yi mata hoton MRI na nono, mai nuna cikin jiki, duk shekara tun tana matashiya, a kuma shimfiɗa mata zaɓi: magani mai rage haɗari, ko tiyatar cire nono, ko cire ƙwai bayan ta gama haihuwa. Zaɓin nata ne.

Saura maganar inshora, wadda ita ke sa mutane da yawa noƙewa. Akwai yarjejeniya ta 2018 tsakanin gwamnatin Birtaniya da ƙungiyar kamfanonin inshorar ƙasar: kamfani ba zai tilasta wa kowa yin gwajin ba, ba kuma zai nemi sakamakon gwajin hasashe irin wannan ba. Cutar Huntington, wata cutar ƙwaƙwalwa da ake gado, kaɗai aka ware, ita ma sai inshorar rai ta wuce fam 500,000. Sai dai suna da damar tambayar tarihin dangi. Matar da sankara ta kashe mahaifiyarta dole ta faɗa in an tambaye ta, kuma ana iya ƙara mata kuɗi a kan haka. In gwaji ya nuna ba ta gaji lahanin gidansu ba, tana iya miƙa musu takardar da kanta, su sake duba farashin.