Tsarin 4-3-3 a wasan ƙwallon ƙafa

Tsarin 4-3-3 jeri ne na kai hari da ake tsayar da 'yan baya huɗu, 'yan tsakiya uku da 'yan gaba uku, ban da mai tsaron raga. Daga baya ake fara ƙirgen zuwa gaba. A gidajen kallon ƙwallo na ƙauyukan Kano da Jigawa kusan kowa ya san sunansa, amma ba kowa ya san aikin da ke cikinsa ba.

Asalinsa daga tsarin 4-2-4 ne. A gasar cin kofin duniya ta 1962 a Chile, Mario Zagallo na Brazil, wanda ke buga gefen hagu na gaba, yakan dawo tsakiya ya taya mutum biyun da ke can, sai tsakiya ta koma uku. Ajax ta ƙasar Holan ta ɗaukaka tsarin, ta ci kofin zakarun Turai sau uku a jere, 1971, 1972 da 1973, Johan Cruyff na jan ragamar wasanta. Daga baya Barcelona ta Pep Guardiola ta ci kofin da shi a 2009 da 2011.

A nan gida da lamba ake kiran wuri. Lamba biyu da uku su ne 'yan bayan gefe, biyar da shida suna tsakiyar baya, bakwai da sha ɗaya suna gefen gaba, tara yana bakin raga. Tsakiya kuwa huɗu ne da takwas da goma. Wanda muke ce wa lamba huɗu shi Turawa ke kira lamba shida, abin da kan jawo gardama a gidan kallo.

Wannan lamba huɗun shi ne ginshiƙin tsarin. Yana tsaye gaban 'yan baya, yana tare hanyar da abokan karawa za su bi ta tsakiya, in ya ƙwace ƙwallo ya miƙa wa takwas ko goma ba tare da yanka ba. In lamba biyu ya hau gaba, shi ke zamewa ya toshe gurbin. Claude Makelele ya yi wa Chelsea wannan aiki a kakar 2004/05, inda ƙwallo 15 kacal aka zura musu a wasa 38 na Firimiya. Sergio Busquets ya yi wa Xavi da Iniesta irin wannan aiki a Barcelona. Mikel Obi ma wurin ya daɗe yana riƙewa a Chelsea. Aiki ne da ba a yi masa tafi, shi ya sa a filin firamare bayan la'asar za ka ga yara goma suna neman tara da goma, babu mai son huɗu. Ƙungiyar da ta ba raggon ɗan wasa wannan wuri ta bar ƙofarta a buɗe.

'Yan gefen gaba iri biyu ne. Akwai mai manne wa layi, ya tsere wa ɗan baya ya bugo ƙwallo cikin da'ira. Gudu ne jarinsa, irin na Ahmed Musa da ya yi fice a Kano Pillars. Akwai kuma wanda ake sa wa a gefen da ya saɓa wa ƙafarsa, ya karyo ciki ya buga raga, kamar yadda Mohamed Salah mai ƙafar hagu ya riƙa yi a gefen dama na Liverpool. In ya karyo, layin ya zama na ɗan bayan gefe, kamar yadda Trent Alexander-Arnold ya riƙa hawa.

Lamba tara ma ba dole ya kafe a gaba ba. Ranar 2 ga Mayu 2009 Guardiola ya sa Messi yana janyewa tsakiya, 'yan bayan Real Madrid suka rasa ko su bi shi ko su tsaya, Barcelona ta ci 6-2 a Bernabeu, filin Real Madrid. Wannan ake kira tara na bogi.

Raunin tsarin yana bayan 'yan gefe. In bakwai da sha ɗaya ba su dawo tsaro ba, mutum biyu za su yi wa ɗan bayan gefe taron dangi. Idan kuma ana kare gida da kyau, jerin kan koma 4-5-1.

Fili ma yana da ta cewa. A rairayin wajen Gumel ko Maigatari ƙwallo ba ta gangara. Gajeren fasin da Xavi ke yi a kan ciyawa sai ya maƙale a yashi kafin ya isa. Don haka koci mai lura yakan matso da takwas kusa da huɗu, a riƙa ɗaga ƙwallo sama zuwa gefe, inda ƙasa ta fi tauri saboda sawun 'yan kallo da masu wucewa gona.