Sarrafa fankar kwamfutar tafi-da-gidanka

Sarrafa fanka shi ne tsarin da kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof, ke bi wajen tantance lokacin da fankarta za ta tashi, da gudun da za ta yi, da lokacin da za ta tsaya. Aikin ya rataya a wuyan ɓangarori uku: wani ɗan ƙaramin guntu da ke kan babban allon kwamfutar mai suna EC, da manhajar tushe wadda kamfani ya dasa a cikin na'urar (BIOS ko UEFI), sai kuma tsarin aiki irin su Windows, Linux da macOS. A yawancin laftof linzamin yana hannun EC, tsarin aiki kuwa roƙo kawai yake miƙawa. Wannan ne ya sa galibin matsalolin fanka da ba na ƙura ko lalacewar inji ba suke tasowa daga rashin jituwa tsakanin waɗannan ɓangarori, kuma gyara yakan fara ne da gano wanda ke riƙe da fankar a lokacin da ta ƙi bin ƙa'ida.

Yadda fankar ke karɓar umarni

Fankar laftof yawanci tana aiki da bolt 5, tana hura iska ta cikin siraran faifan ƙarfe da ke ƙarshen bututun jan ƙarfe mai kwaso zafi daga furosesa. Mai waya uku tana da wayar wuta, da ta ƙasa, da wadda ke mayar da labarin gudu. Mai waya huɗu tana da ƙarin wayar PWM, hanyar da ake kunna sigina ana kashewa da sauri ƙwarai, inda tsawon lokacin kunnawar ke nuna ƙarfin da ake so. Ƙa'idar da Intel ta fitar domin fankoki masu waya huɗu ta ajiye wannan bugu a wajen sau 25,000 cikin daƙiƙa ɗaya, sama da abin da kunnen mutum ke ji. Wayar labarin gudu kuma kan ba da bugu biyu a kowane juyi, don haka fankar da ke juyi 3,000 a minti tana aika bugu 100 cikin daƙiƙa. Idan wannan waya ta tsinke, fankar na iya juyawa lafiya lau amma kwamfuta ta ce ta mutu.

Tarihi

Asalin EC yana komawa ga guntun Intel 8042 da ke kula da madannai a kwamfutar IBM PC/AT ta 1984. Da aka shiga ƙera laftof, sai aka riƙa ɗora wa irin wannan guntu ƙarin ɗawainiya: cajin batir, maɓallin kunnawa, murfi, fitilu, daga baya kuma fanka. Yawancin laftof na farko ba su da fanka sam. Ta fara zama ruwan dare ne a wajen tsakiyar shekarun 1990, lokacin da furosesa irin su Pentium suka shiga cikinsu da zafin da iska kawai ba ta iya kwashewa.

A 1990 Intel ta shigo da yanayin SMM a furosesar 386SL. A wannan yanayi furosesa takan dakatar da tsarin aiki na ɗan lokaci, ta gudanar da umarnin manhajar tushe a ɓoye, sannan ta dawo ba tare da tsarin aiki ya san an yi komai ba. A kansa aka gina APM, ƙa'idar da Intel da Microsoft suka fitar a 1992, wadda ta bar hukuncin wuta da zafi a hannun BIOS. Rauninta a bayyane yake: BIOS ba ta san abin da mai kwamfuta ke yi ba, ba ta kuma san aikin da ke jiran furosesa ba.

Domin magance haka Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da sabuwar ƙa'ida mai suna ACPI a watan Disambar 1996. Manufarta ita ce hukunci ya koma hannun tsarin aiki, manhajar tushe kuma ta tsaya ga bayyana na'urar a cikin wasu jadawaloli, mafi girmansu DSDT, waɗanda aka rubuta da yaren AML. Windows 98 ce ta fara karɓar ACPI, Windows 2000 ta kafa ta sosai. A ɓangaren Linux an daɗe ana fama kafin abin ya zauna a zamanin bugu na 2.6 na kanel, wato zuciyar tsarin aikin, kuma Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya soki ƙirar ƙa'idar da kakkausar murya a 2003. A 2013 aka miƙa kula da ACPI ga ƙungiyar UEFI Forum.

ACPI ta raba kwamfuta zuwa yankunan zafi, kowanne da iyakokinsa. _TMP ke ba da zafin yanzu. _AC0 zuwa _AC9 su ne matakan da ake tayar da fanka, _PSV matakin da ake rage wa furosesa gudu, _CRT kuwa inda ake kashe kwamfuta nan take. Ana rubuta lambobin da kashi ɗaya cikin goma na ma'aunin Kelbin, ta yadda 3532 ke nufin digiri 80 na Salshiyos. A bugun farko fanka abu ce da ake kunnawa ko kashewa kawai. Sai a ACPI 4.0 ta 2009 aka ƙara hanyoyin zaɓar gudu mataki-mataki da karanta juyin fanka.

Sai dai masu ƙera laftof ba su bi wannan hanya har ƙarshe ba. Da yawansu sun bar jadawalin zafi da gudu a cikin EC, saboda EC tana aiki tun kafin tsarin aiki ya tashi, tana kuma ci gaba ko da ya daskare. Akwai hikima a wannan zaɓi, domin kwamfutar da Windows ɗinta ta tsaya cak ba za ta ƙone ba. Amma sakamakonsa shi ne a laftof da yawa na'urar fanka ta ACPI, mai lamba PNP0C0B, ko dai babu ita ko kuma suna ce kawai da ba ta motsa komai. Kowane kamfani ya buɗe ƙofarsa ta daban, yawanci ba tare da rubutaccen bayani ga jama'a ba.

Tambayar _OSI

Jadawalolin ACPI na iya tambayar tsarin aiki ko shi wane ne ta hanyar _OSI, su kuma canja hali bisa amsar. Tun da kusan duk kamfanoni da Windows suke gwaji, hanyar da aka tanadar wa Windows ce aka fi tabbatar da ingancinta. Shi ya sa Linux ke amsa cewa ita Windows ce, tun wajen 2007 kuma ta daina amsa sunanta. Ana iya sauya amsar da acpi_osi= a layin tayar da kanel, abin da kan gyara fanka a wasu na'urori ya kuma ɓata hasken allo ko maɓallai a wasu. Akwai saɓani kan ko laifin na ƙa'idar ne ko na masu aiwatar da ita.

Ƙofofin kamfanoni

ThinkPad, laftof ɗin kamfanin Lenovo, ita ce aka fi sanin cikinta. Direban thinkpad_acpi na Linux, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa tsarin aiki da na'urar, yana nuna fankar a /proc/acpi/ibm/fan, amma ba ya karɓar umarni sai an loda shi da fan_control=1. Matakan gudu daga 0 ne zuwa 7, ga auto da ke mayar wa EC linzami, ga kuma disengaged da ke sakin fankar ta yi iya gudunta ba tare da an daidaita ta ba. Duk wannan yana wucewa ne ta gurbi ɗaya a cikin EC, mai lamba 0x2F. Direban na da mai gadi da ake iya saita shi har zuwa daƙiƙa 120: idan manhajar da ke sarrafa fankar, kamar thinkfan, ta mutu ba ta sake magana ba, sai a koma yanayin da ba shi da hatsari. Tanadi ne mai kyau da yawancin hanyoyin bayan fage ba su da shi.

Dell ta bi ta SMM. Direban da aka fara kira i8k, wanda ya zama dell-smm-hwmon, yana aika buƙata ne ga BIOS. Abin da aka fi kuka da shi shi ne mutum ya saita gudu, bayan 'yan daƙiƙoƙi BIOS ta mayar da nata, fankar ta yi ta hawa da sauka. A wasu samfura kiran SMM ɗin kansa na ɗaukar lokaci har sauti ya riƙa sarƙewa, shi ya sa direban ke ɗauke da jerin na'urorin da ba ya taɓa fankarsu.

ASUS da HP suna amfani da WMI, wata hanya ta Microsoft da tsarin aiki ke bi ya yi magana da manhajar tushe, ta direbobin asus-wmi da hp-wmi. A kwamfutocin Mac masu furosesar Intel guntun SMC ne ke yin aikin EC. Chromebook, Framework da System76 sun saki manhajar EC ɗinsu a fili, kowa na iya karantawa.

Ɓangaren tsarin aiki

A Windows, mai amfani ba ya taɓa fanka kai tsaye. Manhajojin kamfani irin su Lenovo Vantage, Dell Power Manager da Armoury Crate suna gaya wa EC ne ta zaɓi ɗaya daga jadawalolin da ke cikinta: na shiru, na tsaka-tsaki ko na cikakken ƙarfi. Kusa da su akwai DPTF na Intel, wanda daga baya aka kira DTT, mai rage wutar furosesa bisa zafin jikin laftof. Idan aka sake ɗora Windows ba tare da waɗannan direbobi ba, fanka kan koma yawan ƙara ko kuma furosesa ta yi sanyin gudu. Tsohuwar manhajar SpeedFan, wadda bugunta na ƙarshe ya fito a 2016, ba ta ganin fankar yawancin laftof.

A Linux ana karanta zafi da gudu ta tsarin hwmon da umarnin sensors na lm-sensors. Fayil ɗin pwm1 na karɓar 0 zuwa 255, pwm1_enable kuma 1 ne idan da hannu za a sarrafa, 2 idan an bar wa na'ura. Umarnin pwmconfig yakan ce bai sami komai ba a laftof, wannan kuwa ba alamar lalacewa ba ce, domin an gina shi ne don guntayen kwamfutar tebur. Rashin cikakken DPTF ya daɗe yana cutar da masu Linux: a wajen 2018 da 2019 an gano wasu ThinkPad suna maƙalewa a yanayin da aka tanada don ɗora laftof a cinya, suna rage ƙarfi tun zafi bai kai ko'ina ba, har sai da Lenovo ta fitar da gyaran manhajar tushe. Tun kanel 5.12 na 2021 akwai platform_profile, hanya guda ta zaɓar yanayin shiru ko na ƙarfi a na'urorin da ke goyon bayanta.

Gano inda matsalar take

Gwaji mafi amfani shi ne a shiga allon saitin BIOS a bar kwamfutar na wasu mintuna. A nan babu direban tsarin aiki ko ɗaya da ke aiki. Idan fankar ta yi hankali a can amma ta birkice bayan tsarin aiki ya tashi, to a nemi dalili a direbobi da manhajoji. Idan halinta ɗaya ne a wuraren biyu, sai a koma ga EC, ma'aunin zafi ko fankar kanta. Tayar da kwamfutar daga filashin Linux na ba da shaida ta biyu.

Na'urori da dama na faɗin matsalar da bakinsu. ThinkPad kan rubuta "Fan error" ta ƙi tashi. HP na nuna lamba 90B. Gwajin ePSA na Dell, da ake shiga ta F12, yana ba da 2000-0511 idan fanka ba ta amsa ba. Gwajin Apple na ba da lambobin da suka fara da PPF.

Fankar da ke gudu a ƙarshen ƙarfinta alhali kwamfuta na da sanyi, sau da yawa alama ce ta cewa EC ta rasa labarin wani ma'aunin zafi ko na gudu, sai ta zaɓi hanyar da ba za a yi asara ba. Wannan na yawan biyo bayan buɗe laftof, idan an manta wata waya ba a mayar ba. A Mac mai Intel, irin wannan matsala kan zo tare da wani aikin macOS mai suna kernel_task yana cinye furosesa, wanda dabara ce ta hana sauran ayyuka ƙara zafi. Idan kuwa da gaske akwai zafi, a duba aikin da ke cin furosesa kafin a zargi fanka. A wasu HP akwai saiti a BIOS da ke barin fanka a kunne muddin caja na jone.

Fankar da ba ta tashi ko kaɗan ba lallai ta lalace ba, domin sababbin laftof kan kashe ta idan aiki ya yi sauƙi. Abin damuwa shi ne zafi ya doshi digiri 100, inda yawancin furosesar Intel ke rage gudu don kare kansu, ita kuwa tana tsaye.

Matsalar da ke bayyana bayan farkawa daga barci ko bayan sauyawa daga Windows zuwa Linux sau da yawa tana da tushe ɗaya: EC ba ta mutuwa idan an sake kunna kwamfuta, tana riƙe da umarnin ƙarshe da aka ba ta muddin akwai batir. Saurin tashi na Windows (Fast Startup), da ya zo da Windows 8, yana ƙara rikita lamarin tun da kashewarsa ba cikakkiya ba ce. Maganin shi ne a sa EC ta fara daga farko: a kashe, a cire caja, a danne maɓallin kunnawa na tsawon lokacin da kamfanin ya faɗa. Yawancin ThinkPad masu batir a ciki na da ɗan rami a ƙasa da ake tsikara don wannan. A MacBook mai Intel marar guntun T2, ana danne Shift, Control da Option na hagu tare da maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10.

Sabunta BIOS yakan zo da sabuwar manhajar EC, kuma nan ne kamfanoni ke gyara jadawalin fanka. Yana iya kawo matsala kamar yadda yake iya kawar da ita, wasu na'urori kuma ba sa yarda a koma tsohon bugu. A Linux ana yin sabuntawar ta manhajar fwupd.

Rubutu kai tsaye cikin EC

Manhajoji irin su NoteBook FanControl suna tsallake duk ƙofofin kamfani su rubuta lamba kai tsaye a guraben EC, wadda ake isa gare ta ta tashoshi 0x62 da 0x66. Suna dogara ne da fayil ɗin saiti da masu amfani suka haɗa ta hanyar lura da gurbin da ke canjawa idan fanka ta tashi. Fayil ɗin wani samfuri ba ya yi wa wani, ko da sunayensu na kama da juna, kuma gurbin da ke kusa da na fanka na iya zama na cajin batir. Haka nan idan AML na manhajar tushe na magana da EC a daidai lokacin da wata manhaja ke rubutu, saƙonnin na iya cakuɗewa. Irin wannan karo ne ya sa Linux, tun kanel 2.6.31, ke hana direbobi taɓa wuraren da ACPI ta riga ta kama, sai in mai na'ura ya sassauta da acpi_enforce_resources=lax bisa alhakin kansa.