Tantance Maƙalar Ilimi ta Hanyar Tsakure da Gabatarwa

Tantance maƙala ta hanyar tsakure da gabatarwa dabara ce da masu bincike ke bi don su gane, tun kafin su duƙufa ga karatu, ko maƙalar da ta fito a mujallar ilimi ta shafi aikinsu, kuma ko ta kai a dogara da ita. Mai buƙatarta ya haɗa da ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna da ke bitar ayyukan da suka gabata don kundin digirinsa, da mai nazarin tarihi da ke wuni a Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, domin abin karantawa ya fi ƙarfin lokacin kowa.

Tsakure

Tsakure shi ne taƙaitaccen bayanin da ke saman maƙala, galibi kalma 150 zuwa 250. Nagari yana faɗin matsalar da aka bincika, da hanyar da aka bi, da abin da aka gano. A 1987 mujallar likitanci ta Annals of Internal Medicine, a Amurka, ta fara buga tsakure mai sassa, kowane sashe da takensa, salon da ya bazu a mujallun lafiya.

Wurin da mai tantancewa zai fi zuba ido shi ne sakamako. Tsakuren da ya ƙare da "an tattauna sakamakon binciken" bai faɗi komai ba, alkawari kawai ya yi. Sai kuma a auna girman iƙirari da girman aikin: wanda ya tattara bayanai daga unguwa ɗaya a Tudun Wada, amma ya yanke hukunci kan Arewa baki ɗaya, ya wuce gona da iri.

Gabatarwa

A nan marubuci ke kare dalilin aikinsa. Masanin harshe John Swales ya nuna a 1990 cewa gabatarwar maƙalar bincike kan bi matakai uku: ta bayyana fagen da muhimmancinsa, ta nuna giɓin da magabata suka bari, sannan ta faɗi yadda wannan aiki zai cike shi. Mataki na biyu shi ne ma'aunin gaskiya. Mai cewa "ba a taɓa yin bincike a kan wannan ba", alhali bai ambaci aikin kowa ba, sau da yawa shi ne bai nema ba. Marubucin da ya san fagensa yakan ambaci waɗanda suka riga shi, har da masu saɓa masa, ya faɗi inda suka tsaya. Shekarun ayyukan da aka ambata ma abin dubawa ne, sai dai hukuncin ya danganta da fanni: a likitanci tsohon aiki kan tsufa da wuri, a tarihi ko nazarin harshe kuwa aikin shekara 50 na iya zama ginshiƙi har yau.

Daga nan sai a gwama sassan biyu. In tambayar da gabatarwa ta ɗora ba ita ce tsakure ya amsa ba, akwai gyara a cikin maƙalar.

Iyakar dabarar

Dabarar rariya ce: tana tace abin da za a karanta, ba ta maye gurbin karatun. Wani nazari da mujallar JAMA, ta Ƙungiyar Likitocin Amurka, ta buga a 1999 ya duba manyan mujallun likitanci shida, ya tarar cewa kashi 18 zuwa 68 cikin ɗari na tsakuren da aka duba, gwargwadon mujalla, suna ɗauke da bayanan da suka saɓa wa cikin maƙala ko kuma babu su sam a ciki. In haka ta faru a mujallun da ake ji da su, ina ga waɗanda ke karɓar kuɗi su buga ba tare da masana sun tantance ba?

Wannan ya shafi ɗalibanmu kai tsaye, domin tsakure kyauta ne a intanet, cikakkiyar maƙala kuwa sau da yawa sai da kuɗin waje, sai ɗalibi ya kafa hujja da abin da bai karanta ba. Akwai mafita. Rumbun AJOL, da aka kafa a 1998 don mujallun Afirka, da rumbun DOAJ, mai jera mujallun da ake karantawa kyauta a intanet, suna kai mai nema ga maƙalu masu yawa kyauta, ma'aikatan laburaren makaranta kan taimaka, kuma marubuta da dama kan aiko da maƙalarsu in an rubuta musu ta adireshin imel da ke shafin farko.