Jigilar Injin Lantarki na Kwale-kwalen Kamun Kifi a Kan Tirela

Injin lantarki na kwale-kwale ƙaramin inji ne mai aiki da batir, wanda ake ɗaurawa a goshin kwale-kwale ko a bayansa domin ya tura shi sannu a hankali, ba ƙara ba hayaƙi, ta yadda masunci zai kusanci kifi bai firgita shi ba. Lokacin da mota ke jan kwale-kwalen a kan tirela yana daga cikin lokutan da wannan inji ya fi lalacewa, domin an ƙera shi ne ya yi aiki a tsaye cikin ruwa, ba ya kwanta yana shan jijjigar titi ba.

Asali da ƙira

A shekarar 1934 wani mutum mai suna O. G. Schmidt ya fara ƙera irin wannan inji a garin Fargo da ke jihar Dakota ta Arewa a Amurka, kuma daga aikinsa ne kamfanin Minn Kota ya samo asali. Sassan injin uku ne. Akwai kai, inda maɓallan sarrafawa ko hannun tuƙi suke. Akwai doguwar sanda, wadda tsawonta kan kama daga santimita 75 zuwa mita ɗaya da rabi ko fiye. Sai kuma gindi, wato tulun ƙarfe da aka rufe ruf domin kada ruwa ya shiga, wanda a cikinsa maganaɗisu da naɗin waya suke, farfela kuma tana maƙale a ƙarshensa. Ana auna ƙarfin turinsa da laba. Masu laba 30 zuwa 55 batir ɗaya mai volt 12 ke tafiyar da su, masu laba 70 zuwa 80 suna buƙatar volt 24, waɗanda suka kai laba 100 kuwa volt 36 suke ci, wato batir uku.

Abin da hanya ke yi masa

Matsalar tana cikin ƙirar kanta. Nauyin injin ya taru ne a bakunan sandar biyu, alhali wuri ɗaya kacal aka riƙe ta. Kamar taɓarya ce da aka ɗaure ta gefe guda aka bar ɗaya gefen yana lilo: duk ramin da tayar tirela ta faɗa, sai gefen da ke sake ya yi sama ya dawo da ƙarfi, maɗaurin kuma shi ke shan wahalar. Tirelar kwale-kwale ba ta da laushin mota, saboda tayoyinta ƙanana ne kuma yawancinta ba ta da abin tausasa jijjiga, don haka abin da direba ya ji kaɗan a kujerarsa, injin ya ji shi ninki-ba-ninki a baya.

A hankali notuna sukan saki, katako ko robar da aka kafa maɗaurin a kai ya tsage, murfin kan injin ya fashe. Bugu mai tsanani yana iya fasa maganaɗisun da ke cikin gindin, kuma wannan ɓarna ba ta nuna kanta daga waje, sai an shiga ruwa a ji injin yana gurnani ba ya ja. Mafi muni shi ne makullin da ke riƙe injin a ɗage ya kuɓuce ana cikin gudu, injin ya sauka da kansa. Na goshi yakan daki ƙarfen gaban tirela, na baya kuwa yana iya kaiwa ga kwalta.

A Kaduna wannan batu ya shafi masu jan kwale-kwale zuwa madatsar ruwa ta Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi, ko ta Gurara, ko tafkin Shiroro da ke kan Kogin Kaduna a jihar Neja. Ko babban titi ya yi kyau, hanyar da ke gangarawa bakin ruwa galibi ta jar ƙasa ce mai gargada, wadda damina ke zaizayewa. Ga shi kuma daga waje ake shigo da injin, kayan gyaransa ba a kowane shago ake samunsu ba, saboda haka ƙaramar karaya tana iya kwantar da shi tsawon lokacin kamun kifi gaba ɗaya.

Cirewa ko ɗaurewa

Injin baya da maɗauri mai murɗawa guda biyu yake riƙe da jikin kwale-kwale, kuma kwance shi aikin 'yan mintoci ne. Babu wani dalili mai ƙarfi na barinsa a wurin. Abin da ya fi shi ne a cire shi a kwantar a cikin mota a kan tsohuwar katifa ko bargo, a tallafe kansa da wani abu mai laushi, a tabbatar farfela ba ta ɗauki nauyi ba, kuma kada a ɗora masa kaya a kan sanda.

Injin goshi ya fi wuyar sha'ani, domin da ƙusoshi aka kafa shi, sai dai in an sa masa farantin da ke ba da damar zare shi da sauri. Idan zai yi tafiya a wurinsa, sai a kwantar da shi har a ji makullin ya kama, sannan a jijjiga shi da hannu a gani. Akwai wani zobe a jikin sandar da ke ƙayyade zurfin da farfela za ta shiga ruwa. Ana zamar da wannan zobe har ya manne da maɗaurin a ƙulle shi tamau, ta yadda ko makullin ya saki, sandar ba za ta zame ba. Daga nan sai a ɗaure ta da bel kusa da gindi, a kuma tokare ta kusa da kai. Wannan tokara ita ce mutane suka fi mantawa, kuma ita ce ta fi muhimmanci idan sandar doguwa ce. Masu walda na kasuwar Panteka da ke Kaduna suna iya haɗa ta da guntun bututu mai ƙafar roba, in dai an auna tsayinta daidai, kada ta banƙare sandar sama. Robar tsohuwar tiyub da aka saba ɗaure kaya da ita tana da amfani a matsayin shimfiɗa tsakanin ƙarfe da sanda, amma ba ta isa maɗauri ita kaɗai ba, saboda tana miƙewa ta ba injin damar tsalle.

Wuta da batir

Kafin mota ta motsa, wajibi ne a zare wayar injin daga batir, ko a kashe makatsar wuta, wato na'urar da ke yanke wuta idan ta yi yawa, wadda a yawancin waɗannan injuna takan kasance mai amfiya 50 zuwa 60. Wasu sababbin injuna suna sauka da kansu idan an danna rimot, rimot kuwa yana iya dannuwa a aljihu ko a cikin jaka. Haka nan ana ɗaure farfela ko a kwance ta, domin iskar gudu tana juya ta, juyawar kuma tana cin robar da ke hana ruwa shiga alhali tana bushe.

Batir haɗari ne mai zaman kansa. Na dalma mai ƙarfin amfiya-awa 100 yakan kai kilo 25 zuwa 30, kuma ruwan da ke cikinsa yana ƙona fata, yana cin ƙarfe. Na litiyam nauyinsa kusan rabin haka ne, amma shi ma ba ya son bugu ko zafi mai yawa, abin lura a watannin Maris da Afrilu. Ana ajiye batir a tsaye cikin akwatinsa, a ɗaure akwatin da jikin kwale-kwale, a rufe kawunansa biyu, domin sifana ɗaya da ta gangaro ta haɗa su ta isa ta tayar da gobara. Ba a haɗa shi wuri ɗaya da jarkar fetur. Inda aka ajiye shi ma yana shafar tuƙi: idan nauyi ya rinjaya bayan tayoyin tirela, sai ta riƙa wutsil-wutsil da zarar an ƙara gudu, don haka a kan tayoyin ko ɗan gaba da su ya kamata ya zauna.

A kan hanya da bayan isa

Bayan tafiyar kilomita kaɗan ana tsayawa a sake taɓa kowane bel da noti, domin ɗauri yakan saki da jijjigar farko. Da hunturu ana rufe kan injin da mahaɗar wayarsa saboda ƙura, sai dai murfin ya zama ɗamamme, tun da tamfol mai kaɗawa yana goge fenti yana jan wayoyi. Fitilun tirela da sarƙoƙin tsaro suna cikin abubuwan da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke dubawa, kuma duk abin da ya zarce bayan tirela ana ɗaura masa jan ƙyalle.

Idan an isa, kafin a haɗa wuta ana juya farfela da hannu a ji ko tana gogar wani abu, a duba ɗan ƙarfen da ke riƙe ta ko ya lanƙwashe. A lokacin dawowa kuma ana kwance ta a cire zaren fatsa ko na koma da ya naɗe a bayanta, a kuma wanke kainuwa da sauran ciyayin ruwa daga injin da tirelar, domin kada a kwashe su daga wannan tafki a kai wancan.