Hawa dutse da mota da kwana a daji: tambayoyin 'yan majalisarmu

Tun da na dawo daga Mambila da jan taɓo har saman rufin mota, 'yan majalisarmu ta Gwammaja ba su bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Wannan ya ce shi ma zai je, wancan ya ce aikin marasa abin yi ne. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaitawa, na amsa su a nan, don kada in yi ta nanatawa kullum bayan isha'i.

Mu da muke Kano, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, ina za mu samu dutsen da za a hau da mota?

A cikin birni dai babu. Dala da Goron Dutse da ƙafa ake hawansu. Amma in ka miƙi hanyar Jos, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore, ƙasa takan fara tashi. Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, tana cikin duwatsu, kuma hanyoyin ƙauyukanta sun isa su koya wa mutum darasin farko. Gaba kuma ga Filato da duwatsun Shere a gefen Jos.

Babbar makarantar ita ce Mambila a jihar Taraba. Daga Kano sai ka bi ta Gombe, Numan, Jalingo, Bali, ka isa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, sannan a fara hawan nan mai kwana-kwana zuwa Nguroje da Gembu. A wannan yanki ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Shi kansa da ƙafa ake hawa, mota iyakarta ta kai ka kusa.

Ina da jif babba. Ba shi ke nan ba?

Alhajin da ya yi wannan tambaya na ce masa, ranka ya daɗe, girman jiki ba shi ne ƙarfi ba. Jif da yawa da ke yawo a Nassarawa tayoyi biyu ne kawai ke jansu, wasu kuma huɗun na ja amma ba su da ƙaramar giya. Abin da ake nema shi ne abin da direbobinmu ke kira ogzilari. Leƙa gefen giyarka: in ka ga ƙaramin liba ko maɓalli mai rubutun 2H, 4H da 4L, kamar yadda yake a Hilux da wasu Land Cruiser, to kana da ita.

2H na kwalta ne, tayoyin baya kaɗai ke aiki. 4H na burji ne da yashi da taɓo marar zurfi, inda kake ɗan tafiya. 4L kuwa ita ce ta dutse. Tana rage gudun mota ta ninka ƙarfin jan, a Hilux kusan sau biyu da rabi, har ka ga mota na rarrafe kamar hawainiya ba tare da ka taka totur ba. Sai an tsaya cak, an sa giya a firi, ake shiga 4L.

Gargaɗi ɗaya: irin waɗannan motoci kada a bar su a 4H a kan busasshiyar kwalta. In an sha kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin nisa, alhali ogzilari ta ɗaure su su juya tare. A ƙasa taya kan ɗan zame abin ya warware. A kwalta ba zamewa, sai ƙarfen ya yi ta murɗewa har ka ji sitiyari ya yi tauri, daga nan sai aljihu ya ji a jikinsa.

An ce ana sace iskar taya da gangan. Gaskiya ne?

Ƙwarai. Mai facin da ke bakin titinmu, da na ce ya sauke mini zuwa 20 don in gwada gejina, sai ya riƙe tiyo ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, lafiya dai ko?" Shi ya saba a ce masa ya ɗura 40, wani ma 45.

Tayar da ta cika tam kamar ƙwallo take, tana tsalle a kan dutse, kuma tsinin dutse ya fi saurin huda ta. In aka rage iska zuwa wajen 20 ko 22, sai ta ɗan baje, ta rungumi dutsen, tafinta ya ƙara tsawo a ƙasa. A yashi akan sauka ƙasa da haka. Sharaɗin shi ne a tafi a hankali, kada a fizgi sitiyari, don taya mai ƙarancin iska kan iya suɓuce wa wili. Kuma kafin a koma kwalta dole a mayar da iskar, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Shi ya sa ƙaramin famfon da ake haɗawa da batir ya fi mini kowane kayan ado da ake maƙala wa mota amfani. A can ba mai faci a kowace kwana.

Hawa ne ya fi wuya ko gangara?

Gangara, nesa ba kusa ba, kuma nan ne Bakano ya fi shan kashi. Mun saba da birki. Daga Kurna zuwa Bata ƙafarmu a kansa take. A doguwar gangara in ka ɗora ƙafa a kan birki ba ɗagawa, ƙarfen ya yi zafi, man birki ya tafasa, sai ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa kamar ka taka soso.

Ni kaina na ɗanɗana. Muna saukowa, hira ta yi daɗi, na bar mota a babbar giya ina ta lallaɓa ta da birki. Wari na fara ji, irin na ƙonannen kuloci, sannan feda ta fara laushi. Allah ya taimaka akwai ɗan fili a gefe. Muka tsaya, muka sa dutse a gaban taya, hayaƙi siriri na fita ta cikin wilin gaba. Ƙanina ya ɗauko jarka zai watsa ruwa, wani tsohon direban a-kori-kura da ya tsaya duba mu ya riƙe masa hannu. "Kai yaro, so kake ƙarfen ya lanƙwashe? Ku zauna ya huce da kansa." Sannan ya juyo gare ni: "Malam, da giyar da ka hau, da ita ake sauka." Kusan awa guda muka yi a wurin.

Ma'anar maganarsa ita ce inji ne zai riƙe motar. Lamba ɗaya ko biyu, a 4L in gangarar ta yi tsanani, ƙafa kuma nesa da kuloci. Birki sai dai a ɗan taɓa a saki. Ɗabi'ar nan ta sa mota a firi don tsimin mai, a manta da ita tun daga Kwanar Dangora.

Shi hawa, a zaɓi giya tun daga ƙasa, a riƙe totur daidai, kada a canja giya a tsakiya. In mota ta gaza, ko inji ya mutu, kada a kuskura a ce za a juya a kan gangaren, nan mota ke kifewa. A taka birki, a sa ribas, a koma da baya a miƙe. Kuma kada a zargi bakanike in an ji mota ta yi sanyi a can sama: iska ta fi sirantaka, injin da ba shi da turbo kan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau.

To in an iske rafi?

A sauka a naɗe wando a shiga da sanda. In ruwan na neman ture ka, zai ture motar ma. Abin tsoro shi ne inji ya shaƙi ruwa ta bututun iskarsa, domin ruwa ba ya matsuwa, sai ƙarfen cikin inji ya lanƙwashe nan take. In mota ta mutu a tsakiyar ruwa, kada a sake yi mata ki, janyo ta ake yi.

Me zan ɗauka daga Kano?

Safayar taya biyu in da hali, jak da faffaɗan katakon da za a ɗora shi a kai, shebur, igiyar ja mai ƙarfi, famfel, man birki, man inji, jarkar mai. Yawancinsu zagaye ɗaya a Ƙofar Ruwa ya ishe ka. Igiyar a maƙala ta a ƙugiyar da aka yi don ja, kuma kowa ya matsa nesa lokacin da ake fizga, don in ta tsinke bulala ce. Ruwan sha aƙalla lita biyar ga kowane mutum a yini, ban da na alwala da girki. Guzuri kuwa namu na gargajiya ba ya da na biyu: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino, kayan shayi.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne mota ta biyu. Ba a shiga irin wannan hanya da mota ɗaya.

Kwanan fa? A ina ake kafa tanti?

Kafin tanti, gaisuwa. A nemi mai unguwa ko arɗon rugar da ke kusa tun rana na sama, a faɗi ko su wane ne, a nemi izini. Su suka san inda burtali ya bi, inda macizai suka yi yawa, da inda ba a kwana. Batun tsaro ma a bakinsu da bakin direbobin tasha ake jin na yau, kuma in sun ce kada a shiga, a juya. Cikin gandun gwamnati kamar Gashaka Gumti, sai da izinin ma'aikata da ɗan rakiya.

Busasshen rafi yakan ja hankali, ga yashi mai laushi ga fili. Kada a kwana a ciki. Ana iya yin ruwa a kan dutse can nesa, kai ba ka ga ko ɗigo ba, tsakar dare ambaliya ta iso. A nemi tudu, a juya hancin mota ya kalli hanyar fita, a bar ta a giya, a sa dutse a taya. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa, saboda kunama.

Sanyin ya kai yadda ake faɗa?

Ya kai. Duk mita dubu da aka hau, zafi kan ragu da wajen digiri shida, Mambila kuma ta ɗara Kano tsawo da fiye da mita dubu. Ga raɓa, ga hazo da asuba. Mu da muka saba kwana a tsakar gida da singileti a watan Afrilu, bargo biyu da hular sanyi ba su yi yawa ba. Sai dai duk tsananin sanyi, kada a shigar da kurfoti mai garwashi cikin tanti ko mota a rufe. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum na barci take ɗauke shi. A ji ɗumi a waje, a kashe wutar da ƙasa, musamman da rani da ciyawa ta bushe.

Wane lokaci ya fi?

Daga Disamba zuwa Fabrairu. Damina a Mambila ta fi tamu tsawo, kuma jar ƙasar can in ta jiƙe santsinta kamar an zuba karkashi. Wanda bai taɓa sa mota a 4L ba, ya fara gwadawa a hanyoyin ƙauyukan Doguwa, da rana, tare da wanda ya san hanya.